FAƊUWAR GABA DA FIRGITA: HUKUNCINSU DA MAGANINSU

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci zuciya, Ya kuma san abin da ke kai da kawowa a cikinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wata lalura wadda ta yawaita a cikin jama'a, amma ba a cika faɗinta a fili ba saboda kunya da gudun surutu. Lalurar ita ce faɗuwar gaba mai tsanani, wadda takan auka wa mutum farat ɗaya yana zaune lafiya, har ya sakankance cewa ajalinsa ne ya zo. Waɗansu sukan ce iska ce, waɗansu su ce sammu ne, waɗansu kuma su ce raunin imani ne. Kowace ɗaya daga cikin maganganun nan uku tana da abin da takan jawo: ta fari takan kai mutum gidan boka, ta biyu takan raba zumunta, ta uku kuwa takan sa bawan Allah ya yanke ƙauna daga rahamar Ubangijinsa. Saboda haka ya wajaba a san abin da likitoci suka gano game da ita, da kuma abin da Shari'a ta ce.

HALIN DA MANOMA KE CIKI

Gozaki, a Ƙaramar Hukumar Ƙafur, tsohon gari ne wanda ya yi suna da albarkar ƙasa da noman auduga tun kafin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Daga nan zuwa Malumfashi, da Bakori, da Funtuwa, masara da dawa da auduga da waken soya su ne rufin asirin magidanci. Manomi kuwa tun asali mutum ne mai zaman zullumi: ya duba sama ko hadari ya haɗo, ya tuna bashin taki, ya yi tunanin yadda farashi zai kasance a kasuwar Funtuwa ranar da amfani ya zo gida.

A kan wannan sai ga fitinar 'yan bindiga ta sauko wa kudancin Katsina. Ranar 11 ga Disamba, 2020, aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara. Ranar 19 ga Agusta, 2025, aka auka wa masallata suna sallar Asuba a Unguwar Mantau ta ƙasar Malumfashi, aka kashe mutane masu yawa. Labari irin wannan ba ya tsayawa inda ya faru. Yakan bi motocin kasuwa da wayoyin hannu ya shiga kowane zaure, har ƙauyen da bai taɓa jin ƙarar bindiga ba ya kwana da ido biyu. A cikin Suratul Baƙara, aya ta 155, Allah Ya lissafa abubuwan da zai jarrabi bayinSa da su, sai Ya fara da tsoro, kafin yunwa da tauyewar dukiya da rayuka da amfanin gona. Wanda ya san ƙasar nan ya san an haɗa mata su duka.

TSORO IRI UKU NE

Na farko shi ne tsoron Allah, wanda ke hana bawa saɓo, ya tura shi ga ɗa'a. Wannan ibada ne, ana kuma neman ƙaruwarsa.

Na biyu shi ne tsoro na ɗabi'a, kamar tsoron maciji, ko gobara, ko mahara. Malamai sun tafi a kan cewa babu zargi a cikinsa, domin garkuwa ce da aka halicci ɗan Adam da ita. Idan mutum ya hangi haɗari, sai ƙwaƙwalwa ta aika wa waɗansu 'yan ƙananan halittu biyu da ke bisa ƙoda, su zubo wani sinadari a cikin jini wanda likitoci ke kira adiranalin. Nan take zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya ƙara sauri, jini ya kwarara zuwa ga damatsa da cinyoyi, domin mutum ya sami ƙarfin gudu ko na kāre kansa. Wannan rahama ce, da babu ita da an daɗe da ƙarewa a daji.

Na uku shi ne wanda darasin nan ya dosa, watau tsoron da ya zama ciwo. Misalinsa kamar mai tsaron ƙofar gari ne a zamanin da, ya buga kuge da tsakar dare, maza su fito da kwari da baka, mata su tattara yara, alhali kuwa babu ko mahari ɗaya a bayan ganuwa. Shirin yaƙin na gaske ne, gudun da aka yi na gaske ne, maharan ne kawai babu. Haka jikin mai wannan lalura yake yi: yakan tayar da dukan shirin tserewa daga haɗari a lokacin da babu haɗarin.

YADDA FIRGITAR TAKE ZUWA

Takan zo ba sallama, ko mutum yana cikin sahu, ko a kan babur, ko a kasuwa, wani lokaci ma ta tashe shi daga barci. Likitoci sun ƙididdige alamominta 13, suka ce idan huɗu ko fiye suka haɗu a lokaci guda, to, ita ce. A cikinsu akwai bugun zuciya da ƙarfi, da karyowar gumi, da makyarkyata, da sarƙewar numfashi, da jin kamar an shaƙe wuya, da ciwon ƙirji, da tashin zuciya, da jiri, da jin sanyi ko zafi yana ratsa jiki, da mutuwar yatsu ko leɓɓa, da ganin duniya ta sāke kamar a mafarki, da tsoron haukacewa, da kuma tsoron mutuwa nan take. Takan kai ƙarshen tsananinta cikin kamar minti 10, galibi kuma kafin rabin sa'a ta lafa, ta bar mutum a gajiye liƙis kamar wanda ya wuni yana huɗa.

Akwai dalilin kowace alama. Idan mutum yana haki da sauri, yakan fitar da wata iska wadda jini ke bukatar wani ma'auni nata ya zauna a cikinsa. Da ta ragu sai jiri ya zo, yatsu su mutu, wani ma hannuwansa su ƙage. Shi kuwa da ya ji haka sai ya ce a ransa lalle shanyewar jiki ce ko mutuwa. Wannan tunani ya ƙara tsoro, tsoron ya ƙara bugun zuciya da haki, hakin ya ƙara jiri. Da haka abin yake ciyar da kansa, kamar wutar daji da iskar hunturu.

Firgita sau ɗaya ko sau biyu takan sami mutane da yawa, ta wuce ba ta dawo ba. Ana kiranta ciwo ne idan ta riƙa maimaituwa ba dalili, har mutum ya yi wata guda ko fiye yana zaman ɗar-ɗar da dawowarta, ko kuwa ya fara ƙaurace wa wuraren da ta taɓa samunsa. Sai a ga magidanci ya bar zuwa kasuwa, daga nan ya bar shiga mota, daga nan ya bar gona mai nisa, a ƙarshe har masallacin Juma'a ya gagare shi. Tun shekarar 1980 likitoci suka ware wannan ciwo da sunansa daban. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da cututtukan fargaba iri iri a duniya, kuma kamar ɗaya cikin huɗu ne kaɗai ke samun magani. Ciwon firgita ya fi kama mata, kusan ninki biyu na maza, ya kuma fi farawa a shekarun samartaka zuwa farkon magidanta.

Akwai kuma 'yan'uwansa biyu. Ɗaya shi ne damuwa mai ɗorewa, wadda ba ta zuwa da ƙarfi farat ɗaya amma ba ta barin zuciya dare da rana. Ɗayan shi ne razanar da kan biyo bayan masifa, kamar wanda ya tsira daga hari ko ya fito daga hannun masu garkuwa, ƙarar babur kaɗai ta ishe shi ya zabura, mafarki kuma ya riƙa komar da shi inda ya fito. Duka suna da magani.

SHIN RAUNIN IMANI NE?

Amsa ita ce a'a, hujja kuwa tana cikin Alƙur'ani. Allah Ya ba da labarin Annabi Musa (A.S.) a cikin Suratun Namli da Suratul Ƙasasi, cewa da ya ga sandarsa tana motsi kamar maciji sai ya juya da gudu bai waiwayo ba. A cikin Suratu Ɗaha kuma an ambaci tsoron da ya ji a ransa ranar karawa da matsafan Fir'auna. Annabi Ibrahim (A.S.) ya ji tsoron baƙinsa da ya ga hannuwansu ba su kai ga abinci, kamar yadda ya zo a cikin Suratu Hudu. Annabi Dawuda (A.S.) ya firgita da masu husuma suka hauro masa katanga, kamar yadda ya zo a cikin Suratu Sad. Babu inda aka zarge su a kan haka, sai dai aka kwantar musu da hankali.

Haka nan a yaƙin Handaƙu, shekara ta 5 bayan Hijira, da rundunoni suka kewaye Madina, Suratul Ahzabi ta siffanta halin da aka shiga da cewa idanu sun karkata, zukata sun kai maƙoshi, an girgiza jama'a girgiza mai tsanani. Waɗanda aka siffanta da wannan hali kuwa sahabbai ne, a cikin ayar ma muminai aka kira su. To, idan tsoro mai dalili bai rage darajar waɗannan ba, ina ga tsoron da ciwo ne ya jawo shi, wanda bawa bai da iko a kansa ko kaɗan? Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Bilhasali ma Buhari da Muslim sun ruwaito cewa babu gajiya, ko cuta, ko damuwa, ko baƙin ciki da zai sami Musulmi, har ƙayar da za ta soke shi, face an kankare masa zunubi da ita. A lura da yadda aka jera damuwa tare da cuta a cikin abubuwan da ake ba da lada a kansu.

Saboda haka mai ce wa irin wannan majinyaci da yana da tawakkali da bai firgita ba, ya yi magana ba da ilmi ba, ya kuma ƙara masa ciwo a kan ciwo, domin yanzu bayan tsoron mutuwa ya sami tsoron cewa Allah Yana fushi da shi.

ISKA CE KO SAMMU?

Samuwar aljannu gaskiya ce, akwai sura sukutum da sunansu, ruƙiyya da ayoyin Alƙur'ani da addu'o'in da suka tabbata kuma halal ce. Amma jingina wata cuta ga aljani ko ga sammun wani mutum da'awa ce, da'awa kuwa tana bukatar hujja. Suratul Isra'i, aya ta 36, ta hana mutum bin abin da ba shi da saninsa, Suratul Hujurati kuma ta yi umurni da nisantar yawan zato. Gida nawa ne ya watse saboda amarya ta firgita da dare aka ce kishiya ce ta yi mata asiri? Tsohuwa nawa aka yi wa ƙazafin maita saboda yaron maƙwabta ya faɗi yana haki?

Bayan alhakin ƙazafi akwai hasarar dukiya da ta addini. Sai a sayar da akuya, a sayar da buhun masarar da aka ajiye domin bazara, a kai wa boka ko ɗan bori. Da yake firgitar da ma takan lafa da kanta cikin rabin sa'a, duk abin da aka yi a daidai lokacin shi za a ce ya yi magani, idan ta dawo kuma a ce iskar ce ta nemi ƙari. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ba har kwana 40. Turara wa majinyaci barkono, ko dukansa da sunan fitar da aljani, ko ɗaure shi da mari, duka zalunci ne, hayaƙi kuwa ga wanda numfashinsa ya sarƙe ƙarin azaba ne kawai.

ABIN DA MAGABATA SUKA RUBUTA

Kada a zaci binciken cututtukan zuciya da tunani baƙon ilmi ne a Musulunci. Abu Zaidi Albalhi, wanda ya rasu a shekara ta 322 bayan Hijira, daidai da 934, ya wallafa littafi mai suna Masalihul Abdani wal Anfusi, ya raba shi biyu: rabi a kan lafiyar jiki, rabi a kan lafiyar rai. A kashi na biyu ya keɓe babi ga fushi, da babi ga tsoro da firgita, da babi ga baƙin ciki, da babi ga waswasi. Ya yi nasiha cewa mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida kafin cuta ta zo. Ya kuma bayyana cewa yawancin abin da ake tsoro ya fi girma daga nesa, kuma sabo da abu yana kashe tsoronsa, shi ya sa wanda ya saba da fagen fama ko ya saba ganin raunuka ba ya razana kamar sabon shiga. A kan waɗannan ginshiƙai biyu, gyaran tunani da sabo sannu a hankali, likitocin zamani suka gina jiyyar da ta fi amfani ga wannan ciwo. A ƙasar Hausa ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi wallafe-wallafe a kan ilmin magani, yana kuwa cikin hidimar mulki da jihadi.

ABIN YI IDAN TA TASO

Na ɗaya, mutum ya kira ta da sunanta. Ya ce wa ransa wannan firgitar nan ce, ta zo a baya ta wuce, yanzu ma za ta wuce. Ita kanta firgitar ba ta kisa, ba ta tsayar da zuciya, ba ta kuma haukatarwa.

Na biyu, ya sassauta numfashi. Ya shaƙa ta hanci a hankali har ya ƙirga huɗu, cikinsa na tasowa, sa'an nan ya fitar a hankali har ya ƙirga shida. Wanda ya saba da zikiri ya sami sauƙi a nan, sai ya ja tasbihi ko istigfari ɗaya tare da kowace fitar numfashi, a tsanake, ba da gaggawa ba. Suratur Ra'adi, aya ta 28, ta tabbatar cewa da ambaton Allah zukata ke natsuwa. Amma idan ya yi zikiri bugun bai tsaya nan take ba, kada ya ɗauka an ƙi karɓa ne, domin sinadarin da ya riga ya shiga jini sai ya ɗauki mintocinsa kafin ya baje.

Na uku, idan wurin da yake babu haɗari, ya daure ya zauna a nan har ta lafa. Wanda ya fita da gudu daga kasuwa zuciyarsa za ta riƙe cewa gudun ne ya cece shi, gobe kuma kasuwar ta ƙara yi masa kwarjini.

Na huɗu, ya mai da hankalinsa waje: ya taɓa ƙasa, ya dubi abin da ke gabansa ya ambaci sunansa, ya shafa ruwan sanyi a fuska, ko ya yi alwala idan da hali.

Wanda ke kusa da majinyaci kuwa yana da abin koyi wurin Nana Hadiza (R.A.). A farkon littafin Buhari an ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya komo daga kogon Hira zuciyarsa tana kaɗawa saboda nauyin wahayi, ya nemi a lulluɓe shi. Halinsa ya ɗaukaka ga barin a kwatanta shi da wata cuta, amma abin da uwar muminai ta yi darasi ne. Ta lulluɓe shi, ta jira har razanar ta tafi, ba ta tsare shi da tambaya ba. Sa'an nan ta ƙarfafa shi da maganganu na gaskiya game da kyawawan halayensa. Daga ƙarshe ta kai shi wurin mai sani, watau Waraƙatu ɗan Naufal. Natsuwa, da haƙuri, da magana mai daɗi wadda babu ƙarya a ciki, da kai wa ga masani: waɗannan huɗu su ne aikin mai jinya. A kori taron 'yan kallo, a bar salati da kururuwa a kansa, mutum ɗaya ya zauna kusa da shi yana numfashi a hankali tare da shi.

INDA BA A JINKIRI

Akwai cututtuka masu kama da firgita waɗanda suke kisa, saboda haka duk wanda abin ya fara samu lalle ne ma'aikacin lafiya ya duba shi. A gaggauta zuwa asibiti idan ciwon ƙirji ya zo da nauyi yana sauka hannu ko muƙamuƙi, musamman ga mai shekaru ko mai hawan jini ko ciwon sukari. Haka nan idan mutum ya suma, ko ɓarin jikinsa ya saki. Manomin da ya dawo daga feshin maganin ƙwari yana gumi, yawu na zuba, yana amai, numfashi na gagararsa, wannan guba ce, a tuɓe masa tufafin, a wanke jikinsa, a kai shi nan da nan. Mai jego da ke haki idan ta kwanta, ƙafafunta sun kumbura, ana tsoron ciwon zuciya ne na bayan haihuwa, wanda likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello suka yi bincike a kansa a shekarun 1970 saboda yawansa a ƙasar Zazzau da kewayenta, suka kuma danganta shi da yawan kunun kanwa da zafin jego. Ƙarancin jini, da asma, da faɗuwar sukari, da ciwon maƙoƙo mai sa rama da rawar hannu, duka suna kawo bugun zuciya. Wanda kuma damuwa ta kai shi ga tunanin kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, kada a kwana ba a nema masa taimako ba.

MAGANI MAI ƊOREWA

Buhari ya ruwaito cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face Ya saukar da maganinta. Abu Dawuda da Tirmizi kuma sun ruwaito cewa da ƙauyawa suka tambayi Manzon Allah (S.A.W.) ko su nemi magani, sai ya umurce su da nema. Neman magani bai saɓa wa tawakkali ba, kamar yadda sa taki a gona bai saɓa masa ba.

Maganin asibiti iri biyu ne. Na farko jiyya ce ta hanyar zama da masani, mako mako, yana koya wa majinyaci gane tunanin da ke hura wutar, da yadda zai koma wuraren da ya ƙaurace wa mataki mataki. Na biyu ƙwayoyi ne da ake sha kullum, waɗanda ba su fara aiki sai bayan 'yan makonni, kuma ba a barinsu farat ɗaya sai da shawarar likita. Ana iya farawa daga babban asibitin Malumfashi ko na Funtuwa. Idan abin ya bukaci ƙwararru akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa, Kaduna. A watan Janairu, 2023, aka sanar da sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tabbatar wa irin waɗannan majinyata haƙƙin magani da mutunci.

A yi hattara da sayen ƙwayar barci irin su Valium a kemis ba da takardar likita ba. Takan kwantar da hankali na ɗan lokaci, amma jiki yakan saba da ita, ranar da babu kuma firgitar ta dawo ta fi ta da. Taramol da wiwi da sauran kayan maye, waɗanda waɗansu matasa ke sha wai don ƙarfin noma, haramun ne, suna kuma tayar da wannan ciwo. Goro da shayi mai kauri da gahawa da lemunan ƙara kuzari halal ne, amma suna ɗauke da sinadarin da ke zaburar da zuciya, sai mai wannan lalura ya rage. Ya kiyaye barcinsa, ya motsa jikinsa, ya kuma taƙaita kallon hotunan gawawwaki da ake yawo da su a waya. Mai tura irin waɗannan hotuna da jita-jitar hari ba tabbaci shi ma ya ji tsoron Allah, domin Abu Dawuda ya ruwaito cewa bai halatta ga Musulmi ya tsorata Musulmi ba.

WAƊANSU HUKUNCE-HUKUNCE

Mai ciwon firgita hankalinsa cikakke ne. Sallarsa da azuminsa da cinikinsa da shaidarsa duka ingantattu ne. Aibobin da Malikiyya suka ambata waɗanda ake mayar da aure saboda su, su ne hauka, da kuturta, da albaras, da ciwon al'aura. Firgita ba ta cikinsu, saboda haka babu hujjar fasa aure ko sakin mace a kanta.

Idan ta taso masa yana salla ya kasa tsayuwa, sai ya zauna ya cika, kamar yadda aka umurci Imrana ɗan Husaini (R.A.) da rashin lafiya ta same shi. Idan ta yi tsanani har halartar Juma'a ta gagara, rashin lafiya uzuri ne. Sai dai kada rangwamen ya zama mazauni, domin nisantar masallaci yana ƙara wa ciwon ƙarfi. Ya fara da sallar jam'i a masallacin unguwa, a ƙarshen sahu kusa da ƙofa, tare da wanda ya amince da shi, yana matsawa gaba kaɗan kaɗan har ya komo yadda yake. Mai shan ƙwaya kullum ya shawarci likita a mayar masa da ita dare a watan azumi.

Wanda fargabarsa ta zo da waswasi a cikin alwala da salla, malaman Malikiyya suna kiransa mustankihi, watau wanda shakka ta aure shi. Hukuncinsa a littattafai irin su Risala da Ahalari shi ne ya kau da kai daga shakkar, kada ya yi ta maimaitawa. Hikimar a fili take: waswasi da biyayya yake ƙiba, da ƙyaliya yake ramewa.

NAUYIN DA KE KAN JAMA'A

Wani dare mutanen Madina suka ji wata ƙara suka firgita, suka fito suka nufi wajen. Sai suka haɗu da Manzon Allah (S.A.W.) yana dawowa a kan dokin Abu Ɗalha, ba sirdi, takobi a rataye, ya riga ya je ya binciko, yana kwantar musu da hankali. Anas (R.A.) ne ya ruwaito, yana cikin Buhari. Wannan shi ne aikin shugaba a lokacin tsoro: ya tabbatar da labari, sa'an nan ya natsar da mutane. Limamai da dagatai da masu unguwanni da malaman Islamiyya na ƙasar Gozaki da maƙwabtanta su ne majinyaci ke fara kai wa kuka kafin ya ga likita. Idan liman ya yi masa addu'a, ya gaya masa cewa ciwonsa sananne ne kuma yana da magani, ya ce wa danginsa su kai shi asibiti, to, ya haɗa masa alheri biyu. Magidanta kuma su sassauta wa matansu da 'ya'yansu masu wannan lalura, su bar kiransu raggwaye ko masu neman suna.

Annabi (S.A.W.) ya kasance yana yawaita neman tsari daga damuwa da baƙin ciki. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya natsar da zukatan da suka razana, Ya mayar da aminci ga gonaki da hanyoyi da masallatai, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, amin.